Fam 23,250: Iyakar da ta ƙi motsi a Ingila

Masu saurare, barkanmu da wannan lokaci. Ku riƙe mini wannan adadi: fam 23,250. A Ingila shi ne ke raba tsohon da hukuma za ta tallafa wa da wanda za a ce masa je ka ji da kanka.

Idan tsufa ya kai mutum gidan kula da tsofaffi, ƙaramar hukuma za ta auna duk abin da ya mallaka. In ya haura fam 23,250, shi zai biya komai daga aljihunsa, alhali kuɗin mako ɗaya a irin waɗannan gidaje kan wuce fam dubu. Gidansa ma yana cikin lissafi bayan makonni 12 na farko, sai fa in matarsa ko wani ɗan'uwa da ya kai shekara 60 na zaune ciki. To wane gida ne a Ingila bai kai fam 23,250 ba? Tun 2010 aka tsayar da wannan iyaka. Abinci ya tashi, wuta ta tashi, albashin masu jinya, waɗanda ’yan Najeriya ke da yawa a cikinsu, ya tashi, ita kuwa tana nan inda aka ajiye ta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bambancin da ake yi tsakanin cuta da cuta. Dattijuwar da ta kamu da cutar kansa, hukumar lafiya ta NHS za ta ɗauki nauyinta kyauta, ba mai tambayar ko nawa ne a asusunta. Maƙwabciyarta da ciwon mantuwa ya kama, wadda ba ta gane ’ya’yanta, sai an yi mata wanka, sai an ba ta abinci a baki, galibi cewa ake wannan kulawa ce, ba magani ba. Sai ka ga ’yarta zaune da tarin takardun banki tana cike fom, ga allon sayarwa an kafa a ƙofar gidan da aka haife ta. Haraji iri ɗaya matan nan biyu suka biya. Wacce a cikinsu ta zaɓi cutarta?

Kuma ba wai ba a san maganin wannan matsala ba. A 2011 kwamitin da gwamnati ta kafa ƙarƙashin Andrew Dilnot ya ba da shawarar a ƙayyade abin da mutum zai kashe kan kulawa a rayuwarsa, kimanin fam 35,000. Aka yi doka a 2014, aka ɗage. Boris Johnson, firayim minista na lokacin, ya yi alkawarin gyara a 2019, a 2021 ya ce za a ƙayyade shi a fam 86,000, kuma iyakar tallafi za ta koma fam 100,000. Aka ɗage zuwa 2025. A Yulin 2024 ministar kuɗi Rachel Reeves ta soke shirin ɗungurungum. Sai kuma aka kafa wani kwamitin ƙarƙashin Louise Casey. Haba! Kwamiti nawa ake so?

Masu kare tsarin na cewa bai dace matashi ɗan haya ya biya haraji don a kare gadon masu gidaje ba. Na yarda kuɗin na da yawa, kuma inda za a samo su abin muhawara ne. Amma wannan matashin shi ke biyan kuɗin maganin kansar attajiri, ba wanda ya ce uffan. Attajiri ma ba ya jin zafin wannan doka. Mai ɗan gida ɗaya tilo, direban bas ko mai shara a asibiti, shi ake yi wa ƙarƙaf.

A Wales iyakar fam 50,000 ce. A Scotland tun 2002 hukuma ke biyan kuɗin wanka da ciyarwa da sauran hidimar jiki ga tsofaffi. Ƙasa ɗaya, sarki ɗaya. A Ingila kuwa har yau fam 23,250 ne, kuma rahoton ƙarshe na Casey sai 2028.