Aikin nesa a Malesiya da kiran da ake yi mana daga gida

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malam Shugaba, iyayenmu dattawan ƙungiya, malamai, yayye da ƙanne, iyayenmu mata da ke can baya suna fama da yara, ina yi wa kowa barka da war haka. Waɗanda suka taso daga Gombak da Kajang da Cyberjaya, da ɗalibanmu da suka kwana a mota daga Skudai da Sintok, sannunku da hanya, Allah ya ba da lada.

Sakatare ya ba ni minti ashirin, ya ce in yi magana a kan yadda mutum zai zauna a Malesiya yana yi wa wani kamfani na wata ƙasa aiki ta intanet. Na san dalilin da ya sa aka zaɓe ni. Ni ne wanda ba ya zuwa taron yamma, in an kira shi da hantsi kuma a same shi yana barci. Wasu sun ɗauka lalaci ne. To yau zan wanke kaina.

Kamfanin da nake rubuta wa manhaja a Landan yake. In sun buɗe ofis ƙarfe 9 na safe, mu nan ƙarfe 4 na yamma ne. In sun tashi ƙarfe 5, mu sha biyun dare ta yi. Wannan da bazararsu ke nan. In sanyi ya shigo suka mayar da agogo baya, sai ƙarfe 1 na dare nake rufe kwamfuta. Sa'ar da na yi guda ce, hutun cin abincin ranarsu yakan zo daidai da magaribarmu, sai in sulale in yi salla ba wanda ya sani. Amma da azumi, lokacin da kuke jere a sahun tarawihi, ni ina gaban kyamara ana muhawara a kan aikin mako. Tsakaninmu da gida kuma awa 7 ne, shi ya sa in na tashi aiki nakan kira Hajiyata, ita lokacin ta idar da la'asar tana tsakar gida. Daga nan sai in gangara shagon mamak, irin gidan abincin Musulmin Indiyawa, na ƙasan bene, wanda ba ya rufewa, in sa a kawo min roti canai da teh tarik. Yaron shagon har ya daina tambayata abin da zan ci.

Daɗin zama a ƙasar nan kun fi ni sani. Ba ka neman inda za ka yi salla, ko a tashar mota ko a kanti akwai surau, ɗan ɗakin salla. Ba ka tsayawa karanta bayan gwangwani, tambarin halal na JAKIM, hukumar addinin Musulunci ta ƙasar, ya ishe ka. Wuta ba ta ɗaukewa kana tsakiyar taro, wanda duk ya taɓa yin aikin intanet da janareta a gida ya san darajar wannan. Kuma da yake aikin a jaka yake, na zaga. Na hau jirgin ƙasa na ETS zuwa Butterworth, na tsallaka Penang na yi wata guda a George Town ina aiki a wani ɗaki da ke saman shagon mai sayar da kayan yaji. Na je Kota Bharu, inda hutun mako yake Juma'a da Asabar, na ji kamar ina wani gari a arewa, sai dai liman yana bayyana bisimilla kuma wani dattijo ya yi ta kallon hannuwana da na sake su a salla. Su Shafi'iyya ne, bai taɓa ganin sadalu ba. Bayan sallama muka yi dariya, ya ja ni gidansa ya ba ni ɗan itacen durian, wanda har yau ban yafe wa warinsa ba.

Ba zan ɓoye muku ɗacin ba. Akwai mai gidan da muka gama magana da shi a waya, muka daidaita kuɗin haya, da na je ya ga fuskata sai ya ce ai an riga an kama ɗakin. Yawancinku kun sha irin wannan. Na wuce, na samu wani.

Yanzu ga inda nake so mu tsaya, maganar takarda. Har zuwa 'yan shekarun nan, masu irin aikina a ɓoye suke yi, su shigo da bizar yawon buɗe ido, in ta kusa ƙarewa su leƙa wata ƙasa su dawo. Bature zai iya wannan wasan. Mai koren fasfo irin namu ba zai iya ba, tun a filin jirgi za a tsare shi da tambaya. A watan Oktoban 2022 hukumar MDEC, mai kula da tattalin arzikin fasahar zamani a Malesiya, ta buɗe abin da ake kira DE Rantau, izinin zama na masu aikin nesa. Ana ba da shi daga wata 3 zuwa wata 12, ana kuma iya sabuntawa a ƙara shekara guda. Sharaɗinsa babba shi ne ka nuna kana samun sama da dala 24,000 a shekara in aikinka na fasahar zamani ne. A 2024 suka faɗaɗa shi ga wasu sana'o'in, amma su sai dala 60,000. Da aka buɗe shi, kuɗin nema ringgit 1,000 ne, kowane ɗaya daga iyalinka 500. Za su nemi kwantiragin aiki, da takardun banki da ke nuna kuɗin yana shigowa, da inshorar lafiya. Tailan ma ta fito da nata a watan Yulin 2024, suna ce masa DTV, na shekara 5 ne, kowace shiga ka zauna kwana 180, amma sai ka nuna baht 500,000 a asusu.

Ku lura da abu guda a duk waɗannan. Ba wanda yake ba ka aiki. Aikin kake zuwa da shi, sannan su ba ka wurin zama. Wanda bai da albashi tun yana gida, bai da abin da zai rubuta a fom ɗin.

Ƙannena ɗalibai, ku kuma ku ji. Izinin karatu bai halatta muku aiki yadda kuka ga dama ba. Abin da doka ta yarda shi ne awa 20 a mako, lokacin hutu, a wurare ƙidayayyu kamar gidan abinci da gidan mai da otal, shi ma sai an nemi izini. Wanda ya bari takardarsa ta mutu yana zaune, hukuncinsa yana iya kai tarar ringgit 10,000 ko ɗaurin shekara 5. Kuma duk wanda ya kwana 182 a ƙasar nan cikin shekara, hukumar haraji tana lissafa shi a mazauna. Kada ka jira sai ranar da za ka tafi ka fara tambaya.

Na zo kan abin da ya sa na karɓi wannan gayyata. Kowannenmu ana kiransa daga gida. Ɗan yayarka ya gama bautar ƙasa shekara uku ba aiki, ya ga hotonka a gaban tagwayen benen Petronas, yana yi wa rogo kallon kitse. Kwanan baya wani yaro daga unguwarmu ya turo min saƙon da aka aiko masa ta Telegram, ya ce, "Yaya, duba min wannan." Wai ana neman mai amsa wa kwastomomi a Bangkok, albashi da dala, tikiti kyauta, masauki kyauta, abinci kyauta, ba a buƙatar gogewa, iya Turanci da saurin buga rubutu kawai. A ƙasa an rubuta wai aikin intanet ne. Na tambaye shi, in aikin intanet ne, me ya sa sai ka je? Ni shekarata nawa ina yi wa mutanen Landan aiki, ban taɓa taka ofishinsu ba. Ya yi shiru. Na ce masa banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ga yadda abin yake tafiya. Ana sauke mutum a Bangkok, mota tana jiransa. Maimakon cikin gari sai ta miƙa arewa maso yamma, tafiyar kusan kilomita 500, zuwa wani gari na kan iyaka da ake kira Mae Sot. Can akwai kogin Moei, ba shi da faɗi. Da daddare a tsallakar da shi, ya wayi gari a yankin Myawaddy na ƙasar Myanmar, cikin katanga mai waya da masu bindiga. A karɓe fasfo da waya. A zaunar da shi gaban kwamfuta da hoton wata kyakkyawar mace, a ce ya yi ta hira da baƙi a duniya har su amince su zuba kuɗinsu a jarin ƙarya. In bai kawo adadin da aka yanka masa ba, duka ne da horon yunwa da jona wuta. In ya ce zai tafi, a lissafa masa kuɗin tikiti da na abinci, a ce iyayensa su biya, ko a sayar da shi ga wani gidan. Akwai irin waɗannan gidaje a Sihanoukville ta Kambodiya da yankin da ake kira Golden Triangle a Laos. Ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto a watan Agustan 2023, ya ce aƙalla mutum 120,000 ake tilasta wa wannan aiki a Myanmar, wasu kimanin 100,000 a Kambodiya. A watan Fabrairun 2025 da Tailan ta yanke wa garuruwan kan iyakar wutar lantarki da mai, sama da mutum 7,000 aka fito da su, cikinsu har da 'yan Afirka da yawa, 'yan Habasha da Kenya da sauransu. Waɗannan yara ba jahilai ba ne. Masu digiri ne, da gangan ake neman mai Turanci.

Abin da ya fi damuna, Malam Shugaba, mu ne shaidar da suke kafawa. Uwa za ta ce ai ɗan gidan wane ma can yake, ga shi yana aiko da kuɗi. A wurinta Malesiya da Tailan da Myanmar duk gari ɗaya ne. Hotunanmu na ranar Idi su ne suke sa ta sayar da 'yar gonarta.

Don haka ina da roƙo biyu. Na farko, a ware mutum uku cikinmu da za a riƙa tura wa duk wata takardar ɗaukar aiki da aka aiko wa wani namu daga yankin nan, su bincika rajistar kamfanin, su kira lambarsa ta gaskiya, kafin kowa ya sayi jaka. Ni na sa kaina a ciki, amma don Allah a kira ni bayan azahar. Na biyu, mu naɗi saƙon murya da Hausa, gajere, wanda tsohuwa za ta saurara ta gane, mu watsa shi a zaurukan WhatsApp na danginmu. Rubutu ba ya isa inda murya take isa.

Shi kuwa yaron nan, na tura masa darussan da ni ma na fara da su, na ce ya zauna a ɗakinsa ya koya, ya fara da ƙananan ayyuka ko na dala 20 ne, ya buɗe asusun Payoneer na karɓar kuɗi daga waje, ya tara shaidar biya wata bayan wata. Ranar da takardun bankinsa suka kai abin da MDEC take nema, ni zan je filin jirgin KLIA na Kuala Lumpur in ɗauko shi. Jiya ya turo min shafin farko da ya gina, rubutun duk ya karkace gefe guda. Na ce ya gyara ya sake turowa.

Sakatare yana ta nuna min agogo, kuma ƙamshin miyar kukar da iyayenmu mata suka yi ya iso nan gaba. Mai tambaya a kan cike fom ɗin DE Rantau ya same ni bayan an ci abinci, na zo da kwamfutata. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.