Wayfai Ya Cika Amma Intanet Na Ɗaukewa: A Ciki Matsalar Take Ko A Waje?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Satin nan kuka iri ɗaya ya yi ta shigo mini, daga Agege, daga Idi-Araba, har da wani Alhaji mai shagon POS a Mile 12: "Malam, wayfai ɗina ya cika maƙil, amma intanet sai ya ɗauke ya dawo, ya ɗauke ya dawo." Ga kuma wani bidiyo da ke yawo a WhatsApp, wai a sa allura a danna ɗan ramin nan na bayan akwatin intanet ɗin. Don Allah ku ajiye allurar nan tukuna.

[Hoto: bayan akwatin intanet, yatsa na nuna ramin]

Wannan ramin, idan ka danna shi ka riƙe, goge komai yake yi. A layuka da yawa har da sunan shiga da kalmar sirrin da kamfani ya saka maka. Ka tashi daga intanet mai ɗaukewa, ka koma babu gaba ɗaya, sai ka jira ma'aikacinsu ya ratso cunkoson Legas. Kashewa da kunnawa daban, gogewa daban.

To ga inda ake yawan ruɗewa. Akwatin nan, ko rauta ce, ko tsohuwar kwamfuta ce ka mayar da ita mai raba wa gida intanet, ƙofa biyu gare ta. Ɗaya tana kallon cikin gida, ɗaya tana kallon titi. Alamar wayfai da kake gani a wayarka, labarin ƙofar cikin gida kaɗai take ba ka. Tamkar ka je tashar Agege ka tarar mota na nan, direba na nan, kujera ma ka samu, amma an rufe hanya a Berger. Samun kujera bai kai ka Kano ba.

Saboda haka kafin a taɓa komai, a gano wace ƙofa ce take rufewa. Ku biyo ni a hankali, nan ne aikin yake.

[Hoto: fuskar kwamfuta]

A kwamfutar da ke haɗe da akwatin, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta cmd, ka danna Enter. Baƙin allo zai fito, kada ya ba ka tsoro. Rubuta ipconfig, ka nemi layin da aka sa Default Gateway. Lambar da ke gabansa ita ce adireshin akwatinka. Nawa 192.168.1.1 ne, na wani 192.168.0.1, na wani 192.168.100.1. Sai ka rubuta ping, ka ba da tazara, ka sa lambar, ka sake ba da tazara, ka ƙara -t, ka danna Enter. Ka ga yadda layuka ke zubowa? Sallama ce kwamfuta take yi wa akwatin duk daƙiƙa, shi kuma yana amsawa.

Bar wannan a buɗe. Buɗe baƙin allo na biyu, ka jera su gefe da gefe, na farko a hagu, na biyu a dama. A nan kuma rubuta ping 8.8.8.8 -t. Wannan lambar ta Google ce, tana can waje, bayan ƙofar titi. Yanzu kana sallama a wuri biyu lokaci guda. Sai ka haɗa shayinka ka zauna, ka jira intanet ɗin ya ɗauke da kansa. Mutane a nan suke gazawa, sai su gwada lokacin da komai ke tafiya daidai su ce ba su ga komai ba. Ai ba a gane ciwo sai ya motsa.

Yawwa, ga shi ya ɗauke. Ku dubi allon dama: Request timed out, wato an yi sallama ba a amsa ba. Na hagu kuwa yana amsawa abinsa. Wannan ya nuna cikin gida lafiya lau, matsalar daga ƙofar titi ce zuwa waje. Leƙa fitilun akwatin. In faiba kake amfani da ita, wato wayar da ke kawo intanet ta hanyar haske, ka ga fitilar da aka rubuta LOS ta yi ja, haske ne ba ya isowa. Bi siririyar wayar nan da ido. Na taɓa zuwa wani gida a Obalende, na tarar an tura kabad ya danne ta a jikin bango ta lanƙwashe, muna janye kabad ɗin fitilar ta mutu. Gilashi ne a cikinta, ba ta son lanƙwasa. Kuma kada ka taɓa leƙa bakinta da idonka, hasken cikinta ba a ganinsa amma yana iya yi wa ido illa.

Wani lokacin ma abin ya fi ƙarfin unguwa. Ku tuna 14 ga Maris 2024, da manyan wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, har bankuna suka ji a jikinsu. Ranar nan wayfai na kowa cike yake.

In kuwa allunan biyu suka yi shiru tare, to a cikin gida take. Nan da sauri: ɗan haƙorin robar da ke riƙe kan kebul ya karye, kebul na motsi, canza shi. Akwati na cikin durowa ko bayan talabijin yana ɗaukar zafi, fito da shi. Sai babban mai laifi, wuta. Ana juyawa daga NEPA zuwa janareta, akwatin ya mutu ya tashi, ya ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin ya haɗu. Ni dai shawarata, ɗan ƙaramin batirin rauta da ake sayarwa a Computer Village ya fi sayen sabuwar rauta amfani. A duba dai ƙarfinsa ya dace da abin da aka rubuta a jikin adaftar, galibi 12V.

In duka biyun suna amsawa amma shafi ya ƙi buɗewa, galibi DNS ne, mai juya sunan shafi zuwa lamba. Mayar da shi 8.8.8.8 ko 1.1.1.1.

Alhaji na Mile 12, naka da ka ce duk yamma yake yi, ka ɗauki hoton allunan nan biyu na kwana uku, ka rubuta ƙarfe nawa ya ɗauke da kalar fitilar a lokacin. Da wannan za ka kira kamfanin. In sun ce ka kashe ka kunna, ka ce musu ka yi, akwatinka na amsawa, layinsu ne ke yin shiru, ka tura musu hoton.