Kalmar reduce: asalinta, da wuraren da ba ta nufin ragewa

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da wannan lokaci. Yau kalma ɗaya ta Turanci za mu zauna a kanta, ga ta nan a kan allo: reduce. Duk wanda ya zauna a aji, in ka tambaye shi ma'anarta zai ce maka ai ragewa ce, kuma ya yi gaskiya. Reduce the price, a rage farashi. Reduce your speed, rage gudu. Sai dai akwai wuraren da wannan amsar za ta bar ka a hanya, musamman a asibiti, da ajin kimiyya, da takardun kotu. Dalili kuwa shi ne, lokacin da kalmar ta shigo Turanci ba ragewa take nufi ba.

Daga harshen Latin ta fito, harshen Rumawan dā, inda ake cewa reducere. Gida biyu ne aka haɗa. Re, wato baya ko sakewa, sai ducere, wato a ja abu ko a jagorance shi. In ka haɗa su, ma'anar ita ce a komo da abu, a mayar da shi inda yake tun farko. Bayan da Normandawa suka taso daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a, Latin kuwa dama shi ne harshen coci da na ilimi. Ta waɗannan ƙofofi biyu dubban kalmomi suka kwararo cikin Turanci, kuma zuwa ƙarshen ƙarni na 14 an fara ganin reduce a rubuce, da ma'anarta ta mayarwa.

Wannan ducere ɗin yana da 'ya'ya da yawa. Introduce, a shigo da abu ciki. Produce, a fito da shi gaba. Duke, basaraken Turawa, asalinsa jagoran mayaƙa ne. Har a tashar mota muna da ɗan gidan, domin kwandasta daga conductor ya samo sunansa.

To, ina tsohuwar ma'anar take raye har yau? A hannun likitocin ƙashi. A ce yaro ya faɗo daga babur, kafaɗarsa ta goce. Likita zai ba shi maganin kashe zafi, ya riƙe hannun, ya ja shi a hankali yana juyawa, har kan ƙashin ya faɗa gurbinsa. Abin da zai rubuta a fayil shi ne shoulder reduced. Kafaɗar ba ta ƙanƙance ba, gurbinta ta koma. Haka ma karaya. To reduce a fracture shi ne a daidaita ƙashin da ya karye, bakin nan ya haɗu da bakin can, aikin da mai ɗori yake yi kafin ya ɗaura kara. In an yi shi ba tare da yanka ba, sunansa closed reduction. In sai da aka yi tiyata aka buɗe wurin, open reduction ke nan. Ina son masu jinya su riƙe wannan da kyau. In ka ga fracture reduced a takardar ɗan'uwanka, kada ka ɗauka karayar ta yi sauƙi har zai iya taka ƙafar. An dai jera ƙashin ne, haɗuwarsa kuwa sai an yi makonni.

Daga mayar da abu halinsa na dā, sai kalmar ta faɗaɗa ta zama mayar da abu wani hali, ko ma wane iri ne. Sau da yawa kuma halin na ƙasa ne. A littattafan tarihin yaƙi za ka ga an ce sarki reduced the city, wato ya murƙushe birnin ya sa shi ƙarƙashin ikonsa. A soja, sajan da ya yi laifi akan ce he was reduced to the ranks, an tuɓe masa igiyoyinsa ya koma farabiti. Ta nan ƙasƙantarwa ta shigo, daga ita kuma ragewa ta biyo baya, har ta zo ta rinjayi sauran ma'anonin.

Shi ya sa duk inda ka ga reduce da to a bayanta, fara gwada mayarwa kafin ka gwada ragewa. The fire reduced the market to ashes, gobara ta mayar da kasuwar toka. The town was reduced to rubble, garin ya zama kufai. He was reduced to begging, rayuwa ta juya masa baya har ya koma bara. She was reduced to tears, an matsa mata har ta fashe da kuka. Akwai kuma wadda lauyoyi suke yawan faɗa: the agreement was reduced to writing. Ba a cire komai daga yarjejeniyar ba, maganar baka ce aka mayar da ita rubutu.

A lissafi ma haka abin yake. In malami ya ce reduce 6/8 to its lowest terms, amsar ita ce 3/4. Lambobin sun ƙanƙanta, amma kason yana nan yadda yake. A girki kuwa, reduce the heat shi ne a rage wuta, amma reduce the sauce shi ne a bar miya a kan wuta ba murfi har ruwan ya tsotse ta yi kauri.

Yanzu mu zo inda kalmar ta fi wahalar da 'yan makaranta, wato ajin kemistiri, musamman masu shirin WAEC da NECO da JAMB. Malami zai ce reduction is gain of electrons, wato samun ƙarin ilektron, 'yan mitsitsin ƙwayoyin nan masu ɗauke da cajin lantarki. Ɗalibi sai ya yi turus: ta yaya ragewa za ta zama ƙaruwa? Tambayar tana da kyau, kuma amsarta tana wurin maƙera.

Kakanninmu sun san narkar da tama. A Kano, tarihin Dutsen Dala kansa a haɗe yake da masu aikin ƙarfe. Ana zuba tama da gawayi a cikin murhun laka, a yi ta zuga har wuta ta kai inda ake so, sai ƙarfe ya taru a ƙasa. Masanan Turai na dā da suka ga irin wannan aikin, sai suka ce an mayar da dutsen asalinsa na ƙarfe, suka kira shi reduction. Sai a ƙarshen ƙarni na 18, da aikin masanin kemistiri Antoine Lavoisier a Faransa, aka gane abin da ke faruwa a ciki: tama ƙarfe ne da ya haɗu da iskar oksijin, gawayin kuma shi ke fizge oksijin ɗin. Kuma nauyi yana raguwa da gaske. Giram 160 na jar tama tsantsa, giram 112 na ƙarfe zai ba ka, sauran 48 ɗin oksijin ne da ya tafi. Da aka gano ilektron a 1897, masana suka zo suka fahimci cewa a wannan aikin kowace ƙwayar ƙarfe tana karɓar ilektron uku. Shi ilektron cajinsa na debewa ne, saboda haka ƙarfen da yake kan +3 sai ya sauko 0. Ka ga abin da ya ragu ke nan, lambar cajin. Ɗalibin da ya fahimci wannan ba ya buƙatar haddar dole.

Game da furuci, a gaɓa ta biyu ake danna murya. Mutanen Ingila sukan ce ri-DYUS, na Amurka kuma ri-DUS, duka daidai ne. Sunan aikin shi ne reduction.

Akwai wani bambanci da Hausa take yi a saukaƙe: an rage farashi daban, farashi ya ragu daban. Reduce ta fi zama a na farkon, inda akwai wanda ya yi ragin da abin da aka rage. A Turancin Najeriya za ka ji ana cewa the price has reduced, kuma kowa zai gane ka. Amma a jarrabawa ko wasiƙar ofis, shawarata ka rubuta the price has fallen, ko has gone down, ko kuma has been reduced in wani ne ya rage shi.

Sai ƙananan kalmomi biyu da suke iya jawo asarar kuɗi: by da to. Ku dubi allo. Kaya ne na naira 10,000. In aka rubuta reduced by 2,000, an cire dubu biyu, za ka biya 8,000. In aka rubuta reduced to 2,000, farashin gaba ɗaya ya dawo dubu biyu. Tsakanin jimlolin nan biyu akwai naira 6,000. Haka yake a takardar albashi, da ta haya, da ta bashin banki, har da umarnin likita a kan magani: reduce the dose by 5 milligrams yana nufin a cire miligiram 5 daga abin da ake sha, reduce the dose to 5 milligrams kuwa yana nufin miligiram 5 kaɗai za a riƙa sha daga yanzu. In takardar magani ce kuma rubutun bai fito sosai ba, a koma wurin likitan ko mai ba da magani a tambaya kafin a sha.

Sai mun haɗu a darasi na gaba, ku huta lafiya.