Jawabin maraba ga mai girma Minista a atiliyen masu ƙira da tarkace, Yamai

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma Minista, ranka ya daɗe, kai da 'yan rakiyarka, mai unguwa, malamanmu, da iyayenmu mata da suka zauna nan tun hantsi, barkanku da zuwa, sannunku da rana. Baƙonka annabinka in ji Hausawa, to yau babban baƙo ya tako har cikin atiliyenmu, wurin da ba kowa ke son shiga da farin boyel ba saboda tsatsa da baƙin mai. Wallahi mun ji daɗi, yaran nan tun shekaranjiya suke shara da yayyafi.

Ranka ya daɗe, raƙumin dawan da ya tarbe ka bakin ƙofa, don Allah in za ka fita ka ƙara dubansa da kyau. Cikinsa tankin moto ne, wuyansa cen ɗin kabu-kabu ne aka jera aka yi wa sudur, wato walda, ɗaya bayan ɗaya, ƙahonnin kuma buji biyu ne da bakanike ya jefar. Yaron da ya yi shi sai da ya je Kure, inda raƙuman dawa suke, ya zauna yana kallon yadda dabbar ke buɗe ƙafafun gaba in za ta sunkuya, ya dawo ya yanke ƙafafun da ya riga ya haɗa ya sake sabon lale, don ya ce tsayuwar ba ta yi ba. Duk ƙarfen nan daga kasuwar Katako muka auno shi a kilo.

Kuma Katako ai ita ce lakwal ɗinmu ta farko. Can muka tashi muna ganin ana narka gwangwani da tsohon sanholama ana zubawa cikin ƙasa, tukunya ta fito sumul. Iyayenmu sun riga mu sanin cewa abin da aka yar bai mutu ba, mu dai abin da muka ƙara shi ne muna son ƙarfen ya yi magana, ba girki kaɗai ba.

Wasu na cewa wasan yara ne ko aikin 'yan bola, abin na yi mana zafi gaskiya. To ga El Anatsui, mutumin Gana da ya koyar a jami'ar Nsukka ta Najeriya tun 1975, da marafen kwalba yake aiki, a daddake su a huda a ɗinke da wayar jan ƙarfe har su zama kamar ƙaton zane mai walƙiya da ke rufe bango guda, a 2015 aka ba shi kyautar zakin zinare a Benis ta Italiya, a 2023 kuma aikinsa ya cika babban zauren gidan nune-nune na Tate Modern a Landan. Nan maƙwabta a Benin akwai Romuald Hazoumè, shi bidon ɗin esansi yake ɗauka, irin wanda ake fasa-ƙwaurin mai da shi daga Najeriya, bakin bidon ya zama baki, mariƙin ya zama hanci, sai ka ga fuskar mutum na kallonka, kuma duk wanda ya san wahalar masu dakon man nan a kan moto ya san fuskar wa yake gani. A Mozambik bayan yaƙinsu ya ƙare a 1992, bindigogin da aka karɓe aka yanka aka ƙera kujera da su.

Mu ma muna da namu, shi ne ma ya fi taɓa ni. Itaciyar Tenere, wadda ta tsaya ita kaɗai tsakiyar hamada har kamiyo ya kayar da ita a 1973, gangar jikinta na nan Mize Bubu Hama, gidan tarihin ƙasa, kowa na zuwa gani, amma a gurbinta can cikin hamada me aka kafa? Itaciyar ƙarfe, ranka ya daɗe. Ke nan tun kafin a haifi yawancinmu ƙasar nan ta riga ta yarda ƙarfe ya tsaya ya riƙe mata tarihi.

Yanzu koke, a taƙaice. Tsohon ƙarfe ya yi tsada don masu saye a kamiyo su fitar waje sun fi mu kuɗi. In wutar lantarki ta ɗauke aikin sudur ya tsaya cak, wani sa'in yini guda. Gilashin ido guda uku gare mu, yara goma sha ne ke karɓa-karɓa, akwai wanda ke kwana da jan ido yana hawaye, wannan shi ya fi hana ni barci. Sannan muna roƙo a ba mu kusurwa ko da ƙarama ce a Mize ko a ƙauyen masu sana'a na Wadata, inda baƙi za su ga aikinmu kusa da na maƙeran azurfa da dukawa, don ruwan damina na cinye mana abin da muka yi watanni muna yi a fili.

'Yan matanmu sun saƙa maka tabarmar bango da ledar piya wata da suka tsinta suka wanke da hannunsu, tana can ciki, su za su miƙa maka da kansu. Bismillah ranka ya daɗe, mu shiga ta hannun dama, a kula da wayoyin da ke ƙasa.