Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Kimiyya da Fasaha a Bikin Buɗe Ɗakin Na'urorin 3D

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishina, ranka ya daɗe. Mai girma Hakimi, Allah Ya ja zamaninka. Iyayenmu, malamai, ɗalibai da sauran manyan baƙi.

A madadin wannan kwaleji, ina yi wa mai girma Kwamishina da 'yan rakiyarsa lale marhabin. Sannunku da hanya. Mun san ayyuka sun yi maka yawa, amma ka taka ka zo da kanka, mun gode.

Ranka ya daɗe, na'urar 3D da za ka gani yau, mai buga kaya ba rubutu ba, a kwamfuta ake zana mata abin da ake so. Sai ta narkar da zaren roba tana ɗora shi sala bisa sala, kamar yadda maginiya ke ɗora yumɓu har tukunya ta tashi. Ba jiya aka fara ta ba. Tun 1986 wani Ba'amurke, Chuck Hull, ya sami rajistar mallakar fasahar wata na'urar 3D. Tsada ce ta hana ta yaɗuwa, sai da rajistar mai aiki da zaren roba ta ƙare a 2009, kowa ya sami damar ƙera ta, farashi ya karye. Daga nan har a Lome ta ƙasar Togo aka haɗa guda da tarkacen tsofaffin kwamfutoci a 2013.

Amfaninta kuwa an gan shi ranar buƙata. A watan Maris na 2020, da korona ta yi tsanani a lardin Brescia na Italiya, wani ƙaramin sashe na kayan iskar numfashi ya ƙare a asibiti, injiniyoyi suka buga shi nan take aka sa wa marasa lafiya. Mu ma a nan, inji nawa ke jibge saboda ɗan ƙaramin abu da ya karye babu shi a kasuwa? Yara nawa ke jiran hannun roba daidai jikinsu?

Amma ba za mu ɓoye maka illarta ba. Tana da jinkiri. Abu guda kan ci awoyi, in kuma wuta ta ɗauke a tsakiya, galibi aiki ya lalace. Zaren da take ci daga waje yake zuwa, da dala. Wani nau'insa yana fitar da tururi mai cutarwa a rufaffen ɗaki. Sai babbar: a 2013 wani matashi a Texas ya buga bindiga da ita, ya saki zanen a intanet. A halin tsaron da muke ciki, wannan ba abin da hukuma za ta kau da kai ba ne.

Akwai kuma masu fargabar za ta kashe wa maƙera kasuwa. Ni ban yarda ba. Roba ba ta ɗaukar nauyin da ƙarfe ke ɗauka. Abin da ya fi shi ne ɗalibi ya buga samfur, mai zubin alminiyam ya danna shi cikin yashi ya zuba narkakken ƙarfe, kowa ya samu. Shi ya sa muka gayyato su, ga su nan zaune a gefen dama.

Roƙonmu biyu ne, ranka ya daɗe: sola da batir ga wannan ɗaki, da kuma gurbin horo ga yaran maƙera tare da ɗalibanmu.

Yanzu muna gayyatarka ka yanke ƙyalle ka shiga ka gani. Allah Ya maida ku gida lafiya.

Wassalamu alaikum.