Me Ya Sa Ciwon Jijiya na Shaƙar Gam Yake Farawa Daga Yatsun Ƙafa?

Assalamu alaikum. Ɗalibai, kowa ya motsa babban yatsan ƙafarsa. To, jijiyar da ta kai wannan umarni ƙwayar halitta ɗaya ce. Uwar, wato gangar jikin ƙwayar, tana cikin laka, zarenta kuwa ya miƙe kusan mita 1 har ƙafa. Akasarin furotin da zaren yake buƙata a wurin uwar ake haɗa shi, sai an yi dakonsa.

'Yan dakon biyu ne, su ma furotin ne. Kainesin, wanda aka gano a 1985, shi ke sauka da kaya. Dainin kuma ya kwaso tsofaffin ya dawo da su. Dukansu a kan wasu siraran bututu suke takawa, kamar jirgi a kan dogo. Kayan gaggawa kan ci milimita 200 zuwa 400 a rana. Furotin ɗin da ke gina ƙashin zaren kuwa tafiyar hawainiya yake yi, wani bai wuce milimita 1 a rana ba.

A shekarun 1960 aka ga masu haɗa silifa a Japan, yawanci a cikin gidajensu suke aiki, ƙafafunsu suna mutuwa. Haka ma masu takalma a Italiya. Gam ne, mai sinadarin heksen. Idan an shaƙe shi, hanta takan juya shi zuwa wani guba da ke manne furotin ɗin nan na ƙashin zaren da juna. Su dunƙule, zaren ya kumbura, kaya su cushe a hanya. Wa zai fara jin yunwa? Na ƙarshen layi, wato yatsun ƙafa. Shi ya sa mutum zai ce maka kamar ya sa safa, ya taka ƙasa bai ji ba, silifa ta zame bai sani ba. Daga baya abin ya kama hannu.

Wallahi idan na ga yaro da tsumman sholisho a hanci, ko mai gyaran takalmi a shagon da ba taga, wannan nake tunowa, domin wasu nau'o'in gam suna ɗauke da heksen.

Ga abin da nake so ku riƙe don ranar da za ku duba irin wannan majinyaci. Ko ya daina shaƙa yau, ciwon kan ci gaba da tsananta har wata 2 ko 3 kafin sauƙi ya fara. Ku faɗa masa tun da wuri, kada ya fid da rai ya koma wa gam ɗin.