Yadda Ake Koya wa Kwamfuta Ta Daidaita Gefen Rubutu

Ku ɗauki kowane littafi da ke kusa da ku, ku buɗe shafi guda, ku dubi gefen dama. Kowane layi ya tsaya cak a inda ɗan'uwansa ya tsaya, kamar an ja zare an yanke. Alhali kalmomin ba tsawonsu ɗaya ba. To ta yaya aka yi suka ƙare a wuri guda? Yau za mu rubuta ɗan shirin kwamfuta da zai yi mana wannan aiki, kuma za mu ga inda yake wahalar da mutane.

Aikin ya daɗe. Tun wajen shekarar 1455, da Gutenberg ya buga Baibul mai layi 42 a birnin Mainz na Jamus, ginshiƙan rubutunsa a daidaice suke dama da hagu. Ya ƙera harafi ɗaya a siffofi masu faɗi daban-daban, ya riƙa gajarta kalmomi, duk don layi ya cika. Masu rubutun Larabci da Ajami kuwa suna da tasu dabarar, su ja jikin harafi ya miƙe har ya kai gefe. Mu abin da ke hannunmu shi ne sararin da ke tsakanin kalmomi, shi za mu ja.

Bari mu ce kowane harafi faɗinsa ɗaya ne, kuma layinmu na ɗaukar gurbi 19. Ga jimlarmu a kan allo: "Yaro ya tafi makaranta da safe."

Shirin zai riƙa ɗaukar kalmomi ɗaya bayan ɗaya yana jera su. "Yaro" harafi 4. Sarari ɗaya, sai "ya", mun kai 7. Sarari, sai "tafi", mun kai 12. Saura "makaranta", mai harafi 9. In mun saka ta da sararinta mun kai 22, mun zarce iyaka. Don haka ta sauka layi na gaba, a rufe wannan da kalmomi 3.

Yanzu sai rabon sarari. Haruffan da ke layin 10 ne, a cire daga 19, saura 9. Tsakanin kalmomi 3 akwai giɓi 2. A raba 9 gida 2, kowa ya samu 4, ɗaya ya yi ragowa. Ragowar nan a ba giɓin farko, ya zama 5. Ga shi, layi ya cika cif. Duk lissafin ke nan: rabawa da ragowarta.

Sai dai akwai ramuka guda uku da kusan duk mai koyo ke faɗawa. Idan kalma ɗaya tak ta shiga layi, babu giɓi, kuma in shirin ya raba da sifili zai tsaya ya yi kuka da kuskure, don haka a bar kalmar a hagu a cike bayanta da sarari. Layin ƙarshe na sakin layi ma ba a jan sa, "makaranta da safe" za ta zauna yadda take. Kalmar da ta fi layin tsawo kuma dole ku yanke hukunci a kanta tun farko, ko a karya ta ko a bar ta ta leƙa waje, in ba haka ba shirin na iya ta zagaye a wuri ɗaya ba fita.

Ga wani da ya shafe mu kai tsaye, ina roƙon ku kada ku tsallake shi. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, kowannensu bayit 2 yake ci (bayit shi ne ma'aunin wurin ajiya a kwamfuta) a tsarin ajiye haruffa na UTF-8, alhali a ido gurbi ɗaya yake ɗauka. Umarnin strlen, mai auna tsawon rubutu a harshen rubuta shirin kwamfuta na C, bayit yake ƙirgawa, zai ce muku "ƙasa" tana da 5, mu kuwa 4 muke gani. Sai ku ga duk layin da ke da ƙ ya gaza isa gefe. A harshen Python 3, umarnin len haruffa yake ƙirgawa, amma shi ma in an ɗora wa wasali alamar karin sauti a matsayin alama dabam, zai lissafa ta harafi mai zaman kansa. Ku gwada shirinku da Hausa ta gaskiya, mai ƙugiyoyinta.

Mu koma layinmu na farko. Ya cika kam, amma ku dube shi da kyau: "Yaro", sarari 5, "ya", sarari 4, "tafi". Ba daɗin gani. Kuma in kullum hagu ake ba ragowa, giɓa-giɓan za su jeru sama da ƙasa har ido ya ga wata farar hanya tana gangarowa cikin rubutun, masu buga littattafai suna kiran ta kogi. Sauƙaƙƙen magani shi ne wannan layi a ba hagu, na gaba a ba dama.

Asalin ciwon kuwa yana wurin yanke layin. Hanyar da muka bi ana ce mata ta haɗama, domin kowane layi yana kwasar iya abin da cikinsa zai ɗauka ba tare da duban na ƙasa ba. Wani lokaci in layin sama ya haƙura ya saki kalma ɗaya, sai layi uku na ƙasa su gyaru.

Wannan ne Donald Knuth na Jami'ar Stanford da ɗalibinsa Michael Plass suka warware a 1981, kuma maganin nasu ne manhajar tsara rubutu ta TeX take amfani da shi har yau. Sun ce a dubi sakin layin gaba ɗaya, a ɗora wa kowane layi tara, wato makin hukunci, gwargwadon yadda aka ja shi. Ku ga hikimar da misali mai sauƙi. Layi biyu, ɗaya ya rage gurbi 1, ɗaya 7. Wani tsarin kuma 4 da 4. In an haɗa, duka 8 ne. Amma a ninka kowace lamba da kanta: na farko 1 da 49, wato 50. Na biyu 16 da 16, wato 32. Nan take lissafi ya zaɓi abin da ido ma zai zaɓa.

Za ku ce ai hanyoyin yankawa sun yi yawa, ta yaya za a gwada su duka? Ba sai an gwada ba. Ku fara daga kalmar ƙarshe kuna dawowa baya, a kowace kalma ku rubuta tara mafi ƙanƙanta daga nan zuwa ƙarshe, tare da inda layinta zai yanke. Da kun dawo kan kalmar da ta zo kafin ita, amsar sauran tana ajiye, ɗauka kawai za ku yi. In kun kai kalmar farko, sai ku bi wuraren yankan da kuka ajiye ɗaya bayan ɗaya, kowane layi ku miƙa shi ga rabon sararin nan da muka rubuta tun farko.